Dunoma Mai Waken Allura

Yayana Dunoma bai taɓa iya sayar da abu bakinsa a rufe ba. Ko gishiri aka ba shi ya sayar, sai ya gaya wa mai saye inda aka haƙo shi da halin raƙumin da ya ɗauko shi. Ni ce ƙanwarsa, Meram, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na dafa masa abinci a shekarunsa na ƙarshe. Abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsince shi ba.

A Nguru aka haife mu, kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma a nan ya ci ƙuruciyarsa yana dako. Buhun gyaɗa, buhun ƙaro, ɗaurin fatu, kwandon busasshen kifi, ba abin da bai hau kansa ba. Abu biyu ya samo a wannan aiki. Na farko surutu, don ɗan dako in bai yi waƙa da barkwanci ba buhu ya fi nauyi. Na biyu ciwon ƙaba, wanda yake ɗaurewa da tsumma ya ci gaba da harkarsa. Matarsa Amatullah ta rasu ba su sami ɗa ba, kuma bai sake aure ba. In aka dame shi da zancen aure sai ya ce wa zai iya jure bakinsa ban da ita. Jirgi ya riƙa ja baya da zuwa, yau ya zo, sai an manta da shi ya sake leƙowa, har awaki suka mayar da layin dogo wurin kwanciya.

A farkon shekarun casa'in nawa mijin ya rasu a Gashua, ya bar min ɗan gida a wani lungu. 'Ya'yana mata duk aure ya kai su nesa. Na aika wa Yaya cewa ni ga gida ba namiji, shi ga namiji ba gida, ya tattaro ya zo. Ya zo da tabarma da buta da wata shuɗiyar langa mai murfi, ta marigayiya matarsa.

Ya sami aron wata 'yar gona a hanyar Katuzu. A can ya haɗu da Ibram, malamin gona, saurayi mai tsohon babur da yawan haƙuri. Ibram ya ba shi wani sabon irin wake ya gwada, fari mai baƙin ido, mai saurin nuna, wanda ciyawar wuta-wuta ba ta kashe shi kamar namu na gado. Irin shukar an gauraya shi da wani jan gari na maganin ƙwari. Waken ya yi kyau har maƙwabtan gona suka riƙa tsayawa kallo. Shekara ta zagayo Yaya ya kafa rumfa a kasuwa, yana sayar da na shuka daban, na ci daban. To a nan bakin nan nasa ya sami aikin yi.

"Ku matso, ku matso! Wannan ba waken kakanninku ba ne. A ɗakin bincike aka haife shi, likitocin tsiro suka yi masa allura tun yana jariri. Ba ku ga jan maganin a jikinsa ba? Shi ya sa ba ya jin tsoron komai!"

Mutane su yi dariya su saya. Nan da nan aka sa masa suna Mai Waken Allura, shi kuma ya rungumi sunan kamar an naɗa shi sarauta. Na ce masa, "Yaya, wa ya gaya maka an yi wa wake allura?" Ya ce, "Ke dai dafa, Meram. Kasuwa ba ta son gaskiya tsirara, sai an sa mata riga."

A lungunmu maza suna ciyayya. Bayan sallar magariba a shimfiɗa tabarma, kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa, a jera a tsakiya a ci tare. Akwai ladabin abin. Ba ka kiran mutum da suna ka ce zo ka ci nawa, wannan roƙo ne. Ka buɗe murfi, ka tura tsakiya, ka yi shiru. Mai so ya sa hannu. Kuma Allah ya yi tabarmar a bayan katangar madafata ake shimfiɗa ta, saboda haka ko ban so ba ina jin komai.

Mu mata ba ma zama a wurin, amma kwano yana kawo mana labari. In ya dawo a suɗe, kin san inda kika tsaya a unguwa. Ni kuwa ba yabon kai ba, faten wakena da busasshen kifi da ɗan man ja ba ya kaiwa kiran isha'i. Langar nan takan dawo kamar an wanke ta. Wanda ya fi kowa yi mata ɓarna shi ne Malam Kalli, tsohon masunci daga Dagona, aminin Yaya. Yakan ɗaga murya ta kan katanga ya ce, "Ya Meram, Allah ya bar mana hannun nan!" Ni kuma in ce ya rage santi kada ya haɗiye harshensa. Waɗannan shekaru su ne mafi daɗi da na ga Yaya ya yi. Mutumin da ba mata ba ɗa, tabarmar nan ita ce iyalinsa.

Akwai kuma Alhaji Hashim, ɗan kasuwa, kakanninsa daga Kano suka zo. Mutum ne mai kirki, ba zan ci amanarsa ba, amma duk abin da rediyonsa ta faɗa ya zauna daram. A shekara ta dubu biyu da 'yan kai, wata magariba, rediyon ta kawo wani shiri kan irin da ake sauya wa halitta a wasu ƙasashe. Aka ce ana ɗauko wani ɗan yanki daga jikin ƙwayar cuta a saka a cikin iri. Wani masani ya ce ba komai, wani ya ce a yi hattara. Ina tuƙa tuwo sai na ji Malam Kalli ya fashe da dariya.

"Dunoma, ashe abin da kake ɗura mana ke nan! To miƙo langar, in mutuwa ce ma mai daɗi ce."

Aka yi dariya aka cinye. Da a nan zancen ya tsaya, da yanzu ba ni da labarin bayarwa.

Da damina ƙafafun Malam Kalli suka fara kumbura, fuska ta biyo baya. Aka ce ƙoda ce. Duk wanda ya zauna a Gashua ya san wannan ciwo ba baƙo ba ne, ya ɗauki mutanen da ko ƙamshin waken Yaya ba su taɓa ji ba. Amma mutane ba sa son a ce musu ba a san dalili ba. Malam Kalli ya rasu kafin kaka. A zaman makoki wani ya tambaya, a hankali, wa ya fi kowa cin waken allura? Kowa ya san amsar.

Ran da aka koma ciyayya, na ji muryar Alhaji Hashim, ba faɗa ba tsawa.

"Malam Dunoma, kai da bakinka ka ce an yi wa waken nan allura. Allurar mece ce?"

"Haba Alhaji, ai zancen kasuwa ne."

"To wanne za mu kama, na da ko na yanzu?"

Na tsaya da muciya a hannu ina jiran Yaya ya juya maganar yadda ya saba, ya sa su dariya. Tun da uwarmu ta haife ni ban taɓa jin an yi masa tambaya ya rasa amsa ba sai ran nan. Da ya shigo ya ajiye langar, na buɗe. Gefe ɗaya ne kawai aka taɓa, gefen da yake fuskantarsa.

Na zaci abin kwana biyu ne. Na canza girki, na yi shinkafa da miyar kifi, ko ƙwayar wake babu. Langar ta dawo haka. Wai ai a tukunya ɗaya ake dafawa. Ranar na yi zage-zage a madafa da ƙarfi yadda za su ji, na ce wanda tuwon gidansa ya yi gudaji ya zo ya koya, ba sai ya ɓoye bayan rediyo ba. Yaya ya shigo ya roƙe ni don Allah in yi shiru.

Shi ya je ya ɗauko Ibram. Yaron ya jingine babur, ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma da ladabi.

"Iyayena, waken nan ba a saka masa komai ba," in ji shi. "Wake iri biyu aka haɗa ta fure, aka zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau. Jan garin kuwa maganin ƙwari ne na irin shuka, shi ya sa ake ce muku kada a ci mai jan, kuma ba shi Baba Dunoma yake kawo muku ba. Wancan da rediyo ta faɗa, ni ban taɓa ganinsa a kasuwarmu ba."

Da ya tsaya nan ya sa takalminsa, da wataƙila an wuce wurin. Amma Alhaji ya tambaye shi, shi wancan ɗin fa, da gaske ana sa masa ƙwayar cuta? Ibram kuma ba ya iya barin tambaya a ƙasa.

"Ba ita kanta ake sawa ba, Alhaji. Ɗan guntu ne daga tsarin halittarta, aikinsa kawai ya kunna abin da ake so tsiron ya yi. Kuma cutar ta tsiro ce, dangin kabeji take kamawa. Duk wanda ya ci kabejin da ta kama, ya haɗiye ta ɗungurungum, ba guntu ba, kuma ba ta kama ɗan Adam. Masu bincike suna ta gwaji, wasu suna cewa a ƙara dubawa, amma iya sanina ba a ga guntun nan ya cutar da mai ci ba."

"Wato dai ana sawa," in ji Alhaji.

Abin da aka ɗauka daga duk bayanin ke nan. A makon, har mai kabeji na bakin kasuwa sai da ya ji a jikinsa.

Na ce, "Yaya, bar fita. Ga tabarma a tsakar gida, mu ci tare ni da kai."

Ya ce, "In na daina fita na amsa cewa ni na kashe Kalli. Daga yau wake za ki riƙa dafa min, kullum, kuma daga buhuna. In suka ga ina ci ban mutu ba, za su sa hannu."

"In ba su sa ba fa?"

"Za su sa. Ai suna da ido."

Haka aka shiga. Kada ku zaci korarsa suka yi. Ina! Ana gaisawa, ana matsa masa wuri, yana jin hira. Zai buɗe murfi ya tura langar tsakiya kamar kowa, hannaye su bi ta gefenta su wuce. Sai ya jawo ta a hankali ya ci gefensa. Da farko sukan turo masa nasu, ya ce alhamdu lillahi. Mutumin da aka ƙi cin nasa, da wane ido zai sa hannu a na wani? Da suka gaji da turowa suka daina. Ni kuma na gaji da wake, amma na yi masa fate, na yi masa alale, na yi ɗan wake, na yi garau-garau, duk dabarar da mace za ta yi wa wake na yi ta. Kowace magariba ina zuba abincin mutum biyar, ina sane da cewa na mutum ɗaya za a ci. In na rage sai ya ce in cika, kada ran da za su sa hannu su tarar ba yawa.

A kasuwa ma ya daina kirari. Ya zauna a rumfarsa ya auna ya miƙa, kamar kurma. 'Yan gari suka janye, sai manoman Dapchi da na ƙauyukan nesa waɗanda zancen bai kai musu ba. Wannan shirun ya fi komai ci min rai. Gidan da da nake roƙon a bar ni in ji kiran salla, ya koma sai motsin kaji. Mu biyu muna zaune, kowa da kaɗaicinsa, nasa ya fi nawa nauyi don shi a tsakiyar mutane yake yin nasa.

Sannan ya hana kansa ciwo. Ko mura ta kama shi sai ya sha citta ya shanye tari kafin ya fita, kada a ce ga shi ta fara. Zazzaɓi ya taɓa kayar da shi, yana rawar ɗari ya ɗauki langa ya fita, ya zauna ƙyam har aka tashi. Kullum sai ya naɗe ƙafar wandonsa sama kaɗan, wai zafi, ni kuwa na san so yake su ga idon sawunsa bai kumbura ba.

Shekaru suka ja. Tsofaffin tabarma wasu suka rasu, wasu suka tashi, sababbi suka shigo, cikinsu har da Zakir, wani tela da ya kama haya a lungun. Wata rana na shiga barka gidan Alhaji Hashim, na tarar ana tsince wake a faifai, fari mai baƙin ido. Na tambaya, aka ce ɗan Nguru ne, daga kasuwar Nguru ake kawo shi, kowa shi yake shukawa yanzu. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na juya ta. Waken da nake wankewa safe da yamma, ni za a gaya wa? Na dawo gida ina huci.

"Yaya, wakenka suke ci! Ya zaga ta Nguru ya dawo da sabon suna. Fita ka gaya musu!"

Fuskarsa ta yi haske yadda na daɗe ban gani ba. Ya ce, "To kin gani, an kusa. Kada ki ce komai. So nake su sa hannu da kansu, ba don an kunyata su ba."

Aka ci gaba da kusa, ba a iso ba.

Ƙabar nan ta zamanin dako kuwa tana nan tana girma. Ibram, wanda bai daina leƙo mu ba, ya ce aiki ne ƙarami, zai kai shi asibiti da kansa. Yaya ya ƙi. Ya ce in aka ji an yanka masa ciki, me za a ce ya kumbura shi? Duk wahalar shekarun nan ta tashi a banza ke nan. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi na kwana biyu ban yi masa magana ba. Ya ƙara tamke tsummansa.

Wata magariba ya shigo da langa ya ajiye, ya wuce ɗaki a dudduƙe. Na buɗe na ga ko gefensa ba a taɓa ba. Da gari ya waye yana ta amai, cikin ya yi tauri. Na aika aka kira Ibram, muka sa shi a bayan akori-kura zuwa Nguru. Likita ya duba ya ce hanji ne ya shaƙe a cikin ƙabar, kuma ya daɗe a shaƙe, za su yi iya ƙoƙarinsu. Yaya ya jawo gefen mayafina.

"Tambaye shi, waken ne?"

Na tambaya. Likitan ya dube ni da mamaki. "Wane wake, Mama? Irin wannan ai ɗaukar kaya mai nauyi ke jawo shi. Da ya zo tun tuni da an gama."

Yaya ya lumshe ido ya ce, "Kin ji da kunnenki. Ki gaya musu."

Aka shiga da shi tiyata, bai tashi daga aikin ba. A Nguru aka binne shi, kusa da iyayenmu, ba nisa da layin dogo.

Ran sadakar bakwai na koma Gashua. Na ɗebo daga buhunsa na ƙarshe, na yi fate da busasshen kifi da man ja, na cika shuɗiyar langa. Ba namijin da zai fitar min da ita, don haka na yafa mayafi na zaga bayan katanga da kaina, abin da ban taɓa yi ba. Na ajiye a tsakiyar tabarma, na buɗe murfi, na ja baya.

"Saƙo ya ba ni. Likita ya ce ba wake ba ne."

Alhaji Hashim, ya tsufa yanzu, ya ɗago kai. "Wane wake, Ya Meram?"

Wallahi ba ba'a yake yi ba. Sai da ya ɗan yi tunani kafin abin ya faɗo masa.

"Subhanallahi. Wannan zance ai ya daɗe da mutuwa. Mu kanmu shi muke shukawa."

"To me ya hana ku cin nasa?"

Alhaji ya dubi tabarma. Zakir tela ne ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mama, mu da muka zo daga baya mun tarar ba a taɓa langar Baba. Mun zaci abincin magani ne, likita ya hana shi na kowa."

"Shi ma bai ƙara sa hannu a namu ba," in ji Alhaji. "Na ɗauka fushi yake da mu har yanzu. Na yi ta jiran ya huce."

Na zo da maganganu a bakina, na shekara da shekaru, masu zafi, na tanade su tsaf. Ko ɗaya ban iya fitarwa ba. Na juya na koma madafa na zauna a kan turmi. Ta bayan katanga na ji an yi bisimilla, na ji ƙarar hannaye a jikin langa, har wani yana cewa a rage masa kifin.

Kafin kiran isha'i Zakir ya yi sallama a zaure ya miƙo ta. An suɗe ta tas, har gefen murfi. Na karɓa na nufi ƙofar ɗakin Yaya da ita, na kai rabin tsakar gida kafin na tuna. Na daɗe a tsaye a wurin da langar a hannuna, ba wanda zan nuna wa.